Teku A Hagu, Zango A Dama



Idan Bahaushe ya ce maka zai yi tafiya, abin da za ka fara ce masa shi ne, "Lafiya dai ko?" Domin a wurinmu ba a tashi haka siddan. Ko dai fatauci, ko ta'aziyya, ko ɗaurin aure, ko asibiti, ko neman ilimi. Wanda ya ce zai je ya ga gari ne kurum, sai a bi shi da kallo, a ce ko kuɗi sun yi masa yawa ko kuma aikin yi ya rasa. Shi ya sa da wuya ka sami lungun da ƙafarmu ba ta taka ba a Afirka ta Yamma, amma ka tambayi mai ƙafar me ya gani, sai ya lissafa maka tasha da kasuwa da masallaci, shi ke nan.

Sharhinmu na yau a kan hanyar nan ne da ta bi gaɓar teku, wadda ta tashi daga Legas ta ratsa Kwatano a Jamhuriyar Benin, da Lome a Togo, da Akra a Gana, ta dire Abijan a Kwaddibuwa. Tsawonta kilomita 1,000 da 'yan kai. 'Yan kasuwarmu sun san ta ciki da bai, amma da daddare suka san ta, a cikin doguwar mota, kai a jingine da gilashi, hannu a kan lalita, ba a farkawa sai an iso boda. Ni kuwa ina ganin wannan hanya ta cancanci a bi ta da rana, a hankali, ana tsayawa ana kwana. Kuma babu wanda ya fi mu dalilin yin haka, domin kusan duk wani gari da ke kanta akwai zango, kuma da wuya a rasa wani naka a ciki wanda rabonka da shi har ka manta.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Tun yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS yana shiga sauran ba biza, ya zauna har kwana 90. Ka riƙe fasfonka da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan, domin shi ake fara tambaya. In da motarka za ka, ka haɗa da katin inshora na ƙungiyar da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, a kan iyaka kuma a yanka maka takardar shiga da mota. 'Yan uwanmu na Nijar, tun da ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, gara su tambayi waɗanda suka bi kwanan nan kafin su ɗaura kaya. Kuɗi kala uku za ka taɓa, naira da sefa da sidi, 'yan canji kuwa a kowace boda in ka yi musu sallama da Hausa za su amsa.

Sai shingaye. Duk mai bin wannan hanya ya san su, gungume a tsakiyar titi, ko tayoyi, ko igiya, ga masu kaki iri-iri. Ga abin da na lura da shi: jarin mai shinge shi ne gaggawarka. Ya san kana da kaya a baya, ya san kana son ka cim ma kasuwar gobe, saboda haka ya riƙe takardarka ya koma inuwa ya zauna. Amma mutumin da takardunsa suka cika, kuma babu mai jiransa da agogo a hannu, sai ya kashe mota ya fito ya miƙe ƙafa, ya sayi kwakwa a fasa masa. Ba a jimawa ake miƙo masa takardarsa a ce ya wuce, don ya tare wa masu sauri wuri.

Daga Legas zuwa Seme bai wuce kilomita 80 da ɗoriya ba. Kafin a kai akwai Badagiri, garin kwakwa, inda benen da 'yan mishan suka gina a 1845 yake tsaye har yau, kuma ana haye ruwa da kwale-kwale a je tsibirin da ake fitar da bayi. A tsaya, ko da na rabin yini ne. Da an ƙetare Seme kuwa, abu biyu ne za su fara shiga idonka: fetur a manyan kwalabe jere a bakin titi, wanda akasarinsa daga Najeriya ya tsallako, da kuma 'yan acaɓar Kwatano da rigunansu masu ruwan ɗorawa, dubbai, ba sa jiran kowa. Da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, masu kwalaben nan sun ji a jikinsu ba kaɗan ba.

Kwatano gari ne da sunansa ya shiga bakinmu tun da daɗewa, saboda mota da shinkafa da gwanjo. Tasharsa ta jiragen ruwa ce ƙofar Nijar zuwa teku shekara da shekaru, har sai da rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023 ya karkatar da kaya masu yawa zuwa Lome. Bututun man da ya taso daga Agadem ma, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a nan kusa da Seme ya iske teku. Ga kasuwar Dantokpa, ga unguwar Zongo da babban masallacinta.

To a nan ne matafiyi yake faɗawa tarkon farko, kuma tarkon alheri ne. Da ka sauka gidan amininka, an kama ka ke nan. Za a kawo ruwa, a kawo tuwo, a kawo shayi. A ce tashi mu gaida liman. Daga nan sai sarkin zango, sai surukansa, sai wani Alhaji da ya san mahaifinka. Kafin ka farga ranar tafiyarka ta zo, ka bar garin da ke bakin teku ba ka ga tekun ba, iyakarka falo da masallaci da shagon mai masaukinka. Na taɓa tambayar ɗan wani abokina, saurayi haifaffen Kwatano, yadda ake zuwa Ganbiye, garin nan da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Kawu, ni ma a talabijin nake ganinsa." Tsakanin gidansu da inda ake hawa kwale-kwalen bai kai tafiyar awa guda ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne, ka ɗauki mai masaukin naka ku tafi tare. Zai yi ta kawo uzuri, shago, yaron shago, kayan da za a sauke. Ka dage. Ka ce iyali ma su fito. Ganbiye gari ne na dubban mutane, da makaranta da masallaci da coci da kasuwa, duk a kan ruwa, yara ƙanana na tuƙa kwale-kwale su kaɗai. Kakanninsu sun shige tafkin ne don tsira daga mayaƙan Dahome masu farautar bayi. Hirar da za ka yi da amininka a cikin wannan jirgi, babu waya mai ƙara, babu mai sallama a ƙofa, ba za ku taɓa yin irinta a falonsa ba.

Daga Kwatano zuwa Wida akwai babban titi, amma a bar shi a bi ta bakin ruwa, hanyar da ake kira ta masunta, kimanin kilomita 40 tsakanin itatuwan kwakwa. A fita da sassafe. Za ka tarar ana jan taru. Yadda suke yi shi ne, jirgi ya fita da asuba ya bar bakin igiya ɗaya a tudu, ya yi da'ira mai faɗi a cikin teku yana zuba tarun, sannan ya dawo da ɗaya bakin can gaba. Sai mutane su kasu layi biyu, kowane layi ya kama igiyarsa, suna ja da baya-baya, ƙafa na nutsewa cikin yashi, wani na buga ƙarfe yana ba su kiɗa, suna amsa waƙa. Na ƙarshen layi yana naɗe abin da aka jawo a gindin kwakwa don kada igiyar ruwa ta ƙwace. Wanda ya kai ƙarshe sai ya saki ya zagayo gaba ya sake kamawa. Awanni ake yi a haka. Kamar gayya ce a gona, kowa ya zo ya sa hannu, ba a tambayar daga ina kake, kuma duk wanda ya ja yana da ɗan rabonsa na kifi. Mata na zaune gefe da manyan robobi suna jira. Idan tarun ya iso tudu sai a yi caa a kansa, kuma a nan ne za ka ga abin takaici, domin wani lokacin leda da robar ruwa sun kusa fin kifin yawa.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake: wannan teku ba wurin wanka ba ne ga wanda ya koyi iyo a kududdufi. Ruwan yana ja ta ƙasa. Ka tsaya iya idon sawu, ka riƙe hannun yara.

Wida ƙaramin gari ne mai shiru, amma mutanen da aka fitar ta gaɓarsa zuwa ƙasashen Amurka ana ƙiyasta sun kai miliyan guda. Akwai hanyar ƙasa mai tsawon kilomita 4 daga dandalin da ake cinikin bayi zuwa bakin teku, inda aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa a 1995. A taka ta da ƙafa. A cikin gari akwai sansanin da Turawan Fotugal suka gina a 1721, suka kuma riƙe shi har 1961, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yanci. Akwai ɗakin tsafin mesa, ga cocin Katolika yana kallonsa a tsallaken titi.

Mutanenmu sukan ɗauka wannan tarihi na mutanen kudu ne da baƙaƙen Amurka. Ba haka ba ne. Akwai wani mutum mai suna Muhammadu Gardo Bakwakwa, haifaffen Zugu a arewacin Benin ta yau, garin da ayarin goro ke yada zango a kan hanyar Gwanja. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kama shi, aka gangaro da shi wannan gaɓa, aka sa shi a jirgi zuwa Barazil wajen 1845. A 1847 jirgin ubangidansa ya je Niyok, ya gudu, ya zauna a Haiti, kuma a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka. Irinsa dubbai ne, sai dai su ba su bar rubutu ba. A lardin Bahiya na Barazil, bayi Hausawa ne suka shirya tawaye tun daga 1807, kuma a babban tawayen 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, Musulmin Yarabawa ne suka fi yawa amma da Hausawa a ciki, an kuma sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan nan aka koro wasu, wasu suka dawo da kansu, suka zauna a Wida da Legas da Akra da Porto-Novo. Babban masallacin Porto-Novo in ka hango shi sai ka rantse cocin Barazil ne, don magina daga can suka koyo aikin.

Sai dai kada mu tsaya a gaban ƙofar nan muna jin mu kaɗai aka zalunta. Ta yaya Bahaushe ya iso bakin teku a ɗaure? Ta hanyar yaƙe-yaƙenmu na cikin gida, musamman bayan 1804, da kasuwanninmu, da fataken da suka ga ɗan Adam haja ce tamkar kanwa da jan fata. An sayar da mu, mun kuma sayar. Wannan magana ba ta da daɗi a rediyo, amma wanda ya taka yashin Wida ya dawo bai faɗe ta ba, yawon banza ya yi.

Bayan Gran-Popo, inda kogin Mono ke shiga teku, sai iyakar Togo. A nan za ka mayar da agogonka baya da awa guda, don Togo da Gana suna bayan Najeriya da Benin, kuma a lura da wannan wajen lokutan salla. Gaɓar Togo gajera ce, kilomita 50 da 'yan kai, mai sauri zai ratsa ta kafin shayinsa ya huce. Amma akwai Aneho, wadda ta kasance hedikwatar Jamusawa har 1897, da Togobil a tsallaken tafki, garin da aka sa hannu da sunan sarkinsa a yarjejeniyar 1884 da ta ba Jamus ƙasar. A Lome kuwa, a shiga babbar kasuwa a ga matan nan masu sarautar atamfa da ake wa laƙabi da Nana Benz saboda marsandin da suke hawa tun lokacin da ministoci ma ke sha'awarta. In kana neman 'yan uwa, sai ka fita arewacin gari, domin a 1977 hukuma ta rushe tsohon zangon da ke tsakiyar birni ta mayar da mutanensa can bayan gari. Tsofaffinsu har yau suna kwatanta maka inda gidajensu suke a da.

Wani abu da mai tafiyar dare ba zai taɓa gani ba shi ne yadda teku ke cin ƙasa. A wannan gaɓa ruwa yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, kuma kogin Bolta na cikin manyan masu kawo yashin. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, sai yashin ya riƙa kwanciya a bayan madatsa. Aka kuma gina katangun tashoshin jiragen ruwa a Tema da Lome da Kwatano, suka tare ragowar. Saboda haka duk garin da ke gabas da tasha sai teku ya riƙa yagar gabansa. A gabashin Lome za ka ga guntayen tsohuwar kwalta a cikin ruwa, titin da motoci ke bi a da. A Keta ta Gana, in ka ɗan ratse bayan ka ƙetare Aflawo, sansanin da Turawan Denmak suka gina a 1784 rabinsa ya riga ya tafi. Mu da muke kuka da hamada na cinye gonaki, ya kamata mu ga cewa su ma can ana cinye nasu, daga ɗaya gefen.

Tsakanin kogin Bolta da Akra kuwa akwai abin da zai ba ɗan Arewa mamaki. Kurmi ya yanke, fili ya buɗe, ga ciyawa, ga shanu, ga itatuwan kuka tsaye kusa da teku. Ruwan saman da Akra ke samu a shekara bai kai na Kaduna ba.

Akra ita ce inda nake so a fi daɗewa, domin a nan zumuncin yake da zurfi. Nima, Mamobi, Sabon Zongo, Fadama, Madina, duk inda ka shiga Hausa ce harshen titi, ko da mai maganar Bazabarme ne ko Bamoshe ko Kotokoli ko Dagomba. Hausar tasu ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, kuma ba na son in ji baƙo yana gyara musu. Asalin zaman ya faro da hanyoyi da dama. Akwai sojojin da Bature Gulob ya fara ɗauka a Legas a 1863, waɗanda aka kai yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, wasunsu ba su koma ba. Akwai malamai, irin zuriyar Malam Bako da ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20. Akwai fataken goro da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892. Alhassan Ɗantata kansa ya zo Akra wurin mahaifiyarsa da ke zaune a nan, kuma yana cikin na farkon da suka gane cewa maimakon jakuna su yi wata da watanni a hanya, ana iya loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas.

Da safe a Nima za a kawo maka koko mai yaji da ƙosai. Da hantsi sai shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata baƙin yajin nan na mai da busasshen kifi. Da dare dokunu da soyayyen kifi. Ka ci, kada ka tsaya neman tuwon gidanku.

Akwai wata Hajiya, mahaifiyar wani aminina, da ta haura tamanin, haifaffiyar Akra. Ranar da na fara shiga gaishe ta, gaisuwa ce kawai, ya hanya, ya mutanen gida, Allah ya yi albarka. Sai da na sake komawa, na zauna a bakin tabarmarta ba na duba agogo, sannan ta ce, "Ɗana, garin babana har yanzu akwai rimin nan a bakin kasuwa?" Ba ta taɓa ganin garin ba. A bakin mahaifinta ta san shi, amma ta san sunan unguwanni da rijiyoyi da wanda ya auri wa. Daga nan ta gangaro kan 1969, shekarar da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar Gana. Ta ba ni labarin yadda aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka cika manyan motoci, aka rabu da 'yan uwa, har da ƙanwarta da ba su sake haɗuwa ba. Ta kuma tuna mini, ba da faɗa ba, cewa a 1983 Najeriya ta rama a kan 'yan Gana kusan miliyan guda, kuma ta wannan hanya ta bakin teku suka dawo da jakunkunansu a ka. Irin wannan zance ba a ba wanda ya leƙo yana cewa direba na jira.

Amma fa jinkiri a gidan mutane yana da ladabinsa. Gidajen zango a cushe suke, ɗaki guda sai ka tarar da mutum shida, kuma mai gida zai fitar da 'ya'yansa su kwana a baranda don kai, ba zai kuma taɓa faɗa maka ba. Liyafar baƙo a addini ma kwana 3 ce. Abin da ya fi shi ne ka kama ɗaki a masauki kusa da unguwa, ka kwana can, ka yini a gida. Ka zo da tsarabar da suke marmari, kilishi, daddawa, kuka, turaren wuta. Kuɗin cefane kuwa kada ka miƙa wa mai gida, zai ji kunya ya ƙi karɓa. Ka sa matarka ta damƙa wa uwargida a ɗaki. Wannan ma dalili ne na tafiya da iyali, domin rabin labarin kowane gida yana cikin gida, inda kai ba ka shiga.

A cikin birnin Akra, a yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Babban limamin Gana, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, an haife shi a 1919, kuma shi ne ya shiga cocin Katolika ranar Ista a 2019 don gaida maƙwabta, abin da ya sa aka yi ta magana. A je kabarin Kwame Nkuruma, a je tsohuwar unguwar masunta ta Jemstawun, a wuce.

Daga Akra zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, kuma a fita tun duku-duku don cunkoson bakin gari ba ya da kyau. A wannan yanki kusan kowane tudu da ke kallon teku akwai farin sansanin Turawa a kansa. Waɗanda suka saura a Gana sun kusa 30, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1979. Na Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009, shi ne aka fi zuwa. Mai yi wa baƙi jagora zai gangara da ku kurkukun maza, ya kashe fitila na ɗan lokaci. Zai nuna muku cewa abin da kuke takawa ba daɓe ba ne, ƙazantar mutane ce da ta taru ta daskare. Sannan ya fito da ku ya nuna muku cewa a saman wannan rami daidai aka yi ɗakin ibada. Za ka ga baƙaƙen Amurka suna kuka. Za ka kuma ga namu matasan suna gyara hula suna ɗaukar hoto a bakin ƙofar da ake fitar da bayi, kuma da na yi niyyar tsawatarwa sai na tuna babu wanda ya taɓa gaya musu cewa da yawa daga waɗanda aka tsare a nan daga kasuwar Salaga aka gangaro da su, aka yi musu wankan ƙarshe a rafin Asin Manso kafin a kawo su gaban mai saye.

Elmina tana gaba kaɗan, kilomita 12 ko 13. Fotugal ce ta gina sansaninta a 1482, shekara 10 kafin Kolombos ya isa Amurka, kuma zinariya ce ta fara kawo su. Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan Ingilishi suka tsare Sarkin Ashanti Firempe a 1896 kafin su kai shi gudun hijira, irin abin da suka zo suka yi wa Sarkin Kano Alu bayan 1903, wanda ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. In da hali a iso Elmina ranar Talata. Masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku ranar, don haka duk jiragen suna gida, ɗaruruwa, cunkushe a bakin mashigar ruwa ƙarƙashin sansanin, kowanne da fentinsa da tutocinsa, maza na zaune a yashi suna ɗinkin taru, hayaƙin bandar kifi ya rufe unguwa. Mai ƙarfin zuciya kuma ya ratse dajin Kakum ya hau gadojin igiya 7 da aka ɗaura a saman itatuwa, wajen mita 40 daga ƙasa. Na ga Alhazai masu faɗa a ji sun kai tsakiya suna salati da ƙarfi.

Na san wani yana sauraro yana cewa, Malam, wannan ai zancen masu hali ne, da wace nairar? Gaskiyarsa, naira ta yi rauni a gaban sefa da sidi, kuma kwanan masauki ba kyauta ba ne. Amma ba dole sai da motar kai ba. Ana iya bi gari-gari a motar haya, Legas zuwa Kwatano, Kwatano zuwa Lome, Lome zuwa Akra, kowanne tafiyar 'yan awanni, a sauka inda aka ga dama. Kuma mu faɗi gaskiya, abin da wasunmu ke kashewa a anko da dina na biki guda ya isa ya kai iyali Elmina ya dawo da su. Lokacin da ya fi daɗi shi ne watan Agusta, da ruwa ke ɗan tsagaitawa a gaɓar, ko kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ƙasashen 5 suna shirin gina sabuwar babbar hanya mai layi 6 daga Legas har Abijan, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 15 da wani abu. Ina maraba da ita, 'yan kasuwa sun sha wuya ya isa. Sai dai ita ba za ta bi ta gaban masu jan taru ba, kuma wanda ya hau ta zai ga Togo ne a allon kwatance kawai.

Abu na ƙarshe, ka bar wuri a bayan mota. Ba don tsarabarka ba, don saƙo. Duk gidan da ka zauna a zango, ranar sallama za a fito da ƙunshi: wannan turmin atamfa na gwaggo ne a Bebeji, wannan ambulan a kai wa wane a Maraɗi, wannan hoton jikoki a nuna wa Baba in yana da rai. Wani adireshin ma ba adireshi ba ne, sunan unguwa ne da sunan mutumin da ya yi shekara 40 da rasuwa. Amana ce, kuma raba ta kaɗai zai iya cin maka wata guda bayan ka dawo, yana kai ka ƙauyukan da ke kusa da garinku waɗanda ba ka taɓa shiga ba. Saboda haka ka rubuta kowane saƙo da sunan mai shi a littafi tun a gaban mai bayarwa, ka kuma karɓi lambar wayar wani yaro a gidan, don Hajiya za ta so ta ji muryar wanda ya karɓa.